Sabuwar kwamfuta a hannun mai gina shafin intanet: wuraren da ake tafka kuskure

Makon jiya wani ƙanina da ke karatu a Samaru ya kawo mini laftof ɗin da ya saya, ya ce, "Yaya, duba mini, tun ba a je ko'ina ba ta fara nishi." Na buɗe. Ashe mai shagon ne ya yi masa "alheri": ya juye masa Dreamweaver da Photoshop na sata daga filashi, ya ƙara da manhajar kashe bairos har biyu, suna ta kokawa da juna. Fanka sai kuka take yi.

Daga nan yawancinmu ke fara tuntuɓe. Manhajar da aka fasa, ba ka san abin da aka cusa a cikinta ba, kai kuwa a wannan na'urar za ka riƙa buga kalmar sirrin sabar kwastoma, wato kwamfutar da shafinsa ke zaune a kai. Gyaran shi ne ka wanke kwamfutar tas, ka sake ɗora Windows, sannan ka sauke komai daga shafin masu shi. VS Code, manhajar rubuta kod, kyauta ne, haka GIMP da Inkscape don hoto da tambari, haka 7-Zip don matse fayiloli. Wajen kashe bairos, Microsoft Defender da ke zuwa da Windows ya wadatar. In na hannu ka saya, duba ko tana ɗaukar Windows 11, domin tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10.

Sai zari. Yaro ya ga wani a YouTube da manhajoji masu nauyi irin su Docker da Android Studio, shi ma sai ya jibga su a kan RAM 8GB, alhali aikin da ke gabansa shafin makarantar Islamiyya ne a Tudun Wada. Wani kuma ya haɗa XAMPP da WAMP, manhajoji biyu masu mayar da kwamfutarka sabar gwaji, ya kwana yana mamakin me ya hana Apache, sabar da ke cikinsu, tashi. Ƙofa ɗaya suke rububi, lamba 80, rumbun bayanansu kuma 3306. Zaɓi ɗaya ka cire ɗaya. Node.js ma, mai gudanar da JavaScript a kwamfuta, ɗauki wanda aka rubuta wa LTS, wato mai dogon tallafi, ka bi ta nvm, manhajar sauya zubinsa, don ranar da tsohon aiki ya buƙaci tsohon zubi ka sauya cikin minti ɗaya.

Wanda ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗage Git, manhajar da ke adana tarihin duk canjin da ka yi wa aiki, zuwa "sai na ƙware". Na taɓa ganin fayiloli jere a kwamfutar wani: aiki-final, aiki-final-2, aiki-final-na-gaske. Da na tambaye shi wanne ne ke kan sabar, sai ya hau sosa ƙeya. Ni ma ba zan yi dariya da yawa ba, don na taɓa asarar aikin mako biyu ranar da faifan tsohuwar kwamfutata ya mutu ana saura kwana uku in miƙa. Git tun 2005 yake, Linus Torvalds ya ƙirƙire shi, kuma umarni huɗu ko biyar sun ishe ka farawa. Sa shi tun ranar farko, rubuta sunanka da imel, buɗe asusu a GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git a intanet, ka tura aikin kowane dare. Amma kafin turawar farko, sa node_modules da .env a cikin .gitignore, fayil ɗin da ke gaya wa Git abin da ba zai ɗauka ba. Na farkon tarkace ne mai nauyi da za a iya sake saukewa, na biyun kuwa makullan gidanka ne, don nan ake ajiye kalmomin sirri. Kada kuma ka ajiye aiki a jakar da OneDrive ke kwashewa zuwa intanet, in ba haka ba dubban ƙananan fayiloli za su lashe maka data. A VS Code kunna Auto Save. Kowa ya san halin wutarmu, batirin laftof na hannu kuma ba abin dogaro ba ne.

Batun data, a saitin Wi-Fi ka nuna wa Windows cewa layin na awo ne, kafin ta shanye kuɗin wata a kan sabuntawa.

Akwai kuma masu gwada shafi a Chrome kaɗai, a faffadan allo. Wanda zai buɗe shafin yana cikin Keke daga Kwangila zuwa PZ, da Tecno ko itel a hannu, sabis na zuwa yana ɗaukewa. Ƙara Firefox, danna F12, ka rage allon zuwa girman waya, ka rage gudun intanet, ka ga yadda hoton nan naka mai 4MB ke rarrafe.

Sannan haruffanmu masu lanƙwasa. Sau nawa ka ga Ƙofar Doka ta koma "?ofar Doka" a shafi? Ƙara madannin Hausa a saitin harshe na Windows, ka tabbata tsarin adana haruffa na fayilolinka UTF-8 ne, na rumbun bayanai kuma utf8mb4, ba latin1 ba. Salon haruffan (font) da ka zaɓa ma gwada shi, don wasu ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai burauza ta aro daga wani wuri, harafin ya fito kamar baƙo a cikin kalma. Noto Sans na da su duka. Ni jimlar gwajina kullum ita ce: "Ɗan ƙauye ya ɓata a Sabon Gari."