Yadda za ka yi mako guda a tsibirin Banana da jakar goyo da kuɗi kaɗan

Tsibiran Banana suna cikin Tekun Atilantika, daura da ƙarshen zirin ƙasar da Freetown, babban birnin Saliyo, yake a kai. Guda uku ne: Dublin da Ricketts, waɗanda wata 'yar gadar duwatsu ta haɗa, sai na uku da babu ƙauye a cikinsa. Ba mota a can, ba banki, ba wutar gwamnati, ba asibitin da za a kwantar da mutum. In ban da kifi da kwakwa da 'ya'yan itatuwa, kusan komai kwale-kwale ne ke kawo shi, kuma kuɗin mai yana cikin farashinsa. Saboda haka tattalin wannan tafiya tun daga Kano ake fara shi. Abin da ka manta a gida, ko dai ka saye shi da tsada ko ka haƙura.

Wurin ya dace da ɗan Najeriya saboda Saliyo tana cikin ECOWAS, fasfonka ya ishe ka zaman kwana 90 ba biza. Harshensu Kiriyo ɗan'uwan turancin buroka ne, wanda ya saba ciniki a Sabon Gari ba zai sha wahala ba. Ka tafi tsakanin Nuwamba da Afrilu. Daga Mayu damina ke kankama, a Yuli da Agusta kuwa ana iya kwana uku ana tsuga ruwa, teku ta yi fushi, kwale-kwale ya ƙi fita.

Fara da katin rigakafin shawara, wanda ake karɓa a ofishin lafiya na tashoshin shige da fice, kamar na filin jirgin Malam Aminu Kano. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, don haka kada ka bari sai ana gobe tafiya. Tun 2016 allura ɗaya ta ishi mutum har ƙarshen rayuwa, wanda aka taɓa yi wa ba sai an sake yi masa allurar ba. Sai kuɗi. Naira ba ta da kasuwa a can. Je Wapa ka sayi dala, ka nemi sababbin takardu marasa yagewa ko tabon biro, domin 'yan canji suna ƙin tsofaffi ko su karya musu farashi. A Freetown za ka mayar da su liyon, kuɗin ƙasar, ka kuma nemi ƙananan takardu, saboda a tsibiri canji wuya gare shi. A 2022 aka cire sifili uku daga kuɗinsu, amma har yanzu wasu da tsohon lissafi suke magana: mai cewa dubu hamsin yana iya nufin hamsin. Ka tambaya kafin ka miƙa. Raba kuɗin gida uku, ɗaya a aljihu, ɗaya a ƙasan jaka, ɗaya a lalita a jikinka, wannan na ukun kuɗin komawa ne, ba a taɓa shi.

Jakar goyo mai cin lita 40 ta isa, kuma ana samun masu ƙarko a gwanjon Ƙofar Wambai. Duba zif da ɗinkin maratayin kafaɗa, nan suke fara mutuwa. Kada nauyinta ya wuce kilo 10, don da ita za ka taka ruwa ka hau kwale-kwale. Kaya kala uku marasa nauyi sun isa. Bar jins da shadda mai kauri, a laimar bakin teku sai su kwana biyu ba su bushe ba, su kama wari. Ka sa gidan sauro mai magani da igiya kamu goma, tocilan ta goshi, buta ƙarama, silifas, da takalmin roba mai rufe yatsu. Saka babbar leda mai kauri a cikin jakar kafin ka zuba kaya, fasfo da kuɗi da waya kuma kowanne da tasa ledar mai zif. Fawa bank mai ƙarfin mAh 20,000 daga Farm Centre zai caja waya sau uku ko huɗu. A jakar hannu ake shiga jirgin sama da shi, ba a yarda a sa shi a kayan awo ba. Soket ɗinsu irin namu ne.

Guzuri shi ne inda Bakano ya fi sauran baƙi sa'a. Garin kwaki rabin kwano, ƙuli-ƙuli, sukari, madarar gari, dabino, ganyen shayi da yaji za su ɗauke maka karin kumallo da abincin rana na mako guda, sai ka sayi na dare kawai. A masauki shinkafa ce da miyar ganyen rogo ko ta gyaɗa, da kifin da aka kamo ranar. Akasarin mutanen Saliyo Musulmi ne, amma mazauna waɗannan tsibirai Kiriyo ne, yawancinsu Kirista, don haka ka tsaya a kan kifi, hankalinka kwance. Da safe ake faɗa wa mai girki cewa za a ci da dare, domin da lissafi ake dafawa.

Jirgi daga Legas yana sauka a Lungi, kuma Lungi ba a cikin Freetown take ba, akwai faffaɗan bakin kogi a tsakani. Jiragen ruwa masu gudu da ke jiran fasinja a filin jirgi suna da tsada ƙwarai. Mai tattali sai ya hau mota zuwa Tagrin ya shiga feri zuwa Kissy, kuɗinsa kaɗan ne, sai dai jira, kuma ba ya tashi da tsakar dare. Nemi jirgin da ke sauka da rana. Ka kwana ɗaya a birni, ka yi canji, ka sayi layin Orange ko Africell, ka sayi ruwan sha. Washegari da sassafe ka hau ƙaramar bas da suke kira poda-poda zuwa Waterloo, daga nan ka nemi mota ko acaɓa zuwa ƙauyen Kent. Daga Kent kwale-kwale mai inji yana kai mutum Dublin cikin kusan rabin sa'a. Shatar kwale-kwale kai kaɗai ita ce mai cinye kuɗi, ka jira mutanen gari masu komawa da kayan cefane ka shiga cikinsu. Ku gama ciniki a kan tudu, ka ji ko kuɗin na zuwa ne kaɗai ko har da dawowa. Ka nemi rigar ceto ka ɗaura ta sosai, kuma in ka ga an cika jirgin har ruwa ya kusa bakinsa, sauka ka jira na gaba.

Ɗaki mafi araha bukka ce ta katako ko tanti. Kafin ka biya, ɗaga katifa ka duba kuɗin cizo, ka tambayi sa'a nawa sola ko janareta ke aiki, da inda ake samun ruwan wanka. Wanda zai kwana biyar ko shida yana da bakin neman ragi, musamman a tsakiyar mako.

Ruwan sha shi ne babban lissafi. Jikin da ya saba da busasshen zafin Kano yana zufa fiye da kima a wannan laima, ka ƙiyasta lita uku zuwa huɗu kullum. Ruwan rijiya ko na sama sai an tafasa shi ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar kulorin a jira rabin sa'a. In gudawa ta kama ka, haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka riƙa kurɓa. Taho da abin gwajin maleriya da maganinta na kwana uku daga kemis ɗin da ka yarda da shi. Zazzaɓin da ya wuce kwana biyu, ko amai da ya hana magani zama, ba abin jinya a tsibiri ba ne, a nemi kwale-kwale a koma birni. Akwai kuma wani ƙuda da suke kira tumbu, yana yin ƙwai a tufafi masu danshi da aka shanya a ƙasa ko a inuwa, tsutsar ta shiga fata ta zama kamar maruru. Shanya a kan igiya cikin rana tsaka, in da dutsen guga a goge har kamfai.

Teku ba Tiga ba ce, ba kuma kududdufin unguwa ba. Tana cika ta janye sau biyu a yini, lokacin kuma yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana, don haka dutsen da ka zauna a kai jiya da la'asar yau yana iya kasancewa cikin ruwa. Wanda bai iya iyo ba kada ya wuce gwiwa, kada kuma ya shiga shi kaɗai. In ruwa ya fara jan ka zuwa ciki, kada ka yi kokawa da shi kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutane. Yi iyo gefe, a jere da gaɓa, har ka fita daga hanyarsa. Tsakanin duwatsu akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, ƙayarta na karyewa a tafin ƙafa, amfanin takalmin roba ke nan.

Agogonsu yana bayan namu da sa'a ɗaya. Alƙibla kusan yadda take a Kano, gabas da ɗan karkata arewa. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, sai ka adana na sha. A mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin ƙasaru, zai cika sallarsa.

Tsibirin ya taɓa zama sansanin cinikin bayi a ƙarni na 18, daga baya 'yantattun bayi suka zauna a cikinsa, har yau akwai tsofaffin igwa da coci a Dublin. Hanyar ƙafa zuwa Ricketts ta cikin kurmi take, tafiyar sa'a biyu ko fiye, ka ɗauki ɗan gari ya yi maka jagora, ku fita da hantsi da ruwa lita biyu. Ka gaida mutane kafin ka ɗaga kyamara, ledojinka da robobinka kuma ka koma da su birni. Ranar komawa ka bar tsibirin kwana biyu kafin tashin jirginka, domin iska tana iya hana kwale-kwale fita yini guda, kuma tikitin da ya wuce ka ya fi kuɗin makon gaba ɗaya.