Boila ba janareta ba ce: kurakuran 'yan Zango a ƙasar sanyi

Babu mai buƙatar injin ɗumama gida a unguwar Nima da ke Accra. Ko hunturu ya kankama a watan Janairu, bargo ɗaya da man kaɗanya sun wadatar. Sai dai 'ya'yanmu sun bazu, wasu suna Arewacin Ayalan inda fiye da rabin gidaje da kananzir ake ɗumama su, wasu suna arewa maso gabashin Amurka inda ake ƙona wani mai ɗan'uwan dizal da aka rina ja. Da yake na yi shekaru ina aikin famfo da boila (injin da ke dafa ruwan ɗumama gida) a can kafin in dawo Accra, wayata ba ta hutawa da zarar Oktoba ta shigo. "Kawu, na sayi gida, boilar ta tsufa, wacce zan saya?"

Daga tambayar nake gane inda matsalar take. Mu da muka sha dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana, tunanin janareta ne a kanmu: ka sayi mafi girma da kuɗinka zai kai, ka kira mai gyaran wuta, ya haɗa waya, shi ke nan. A boila girma ba alheri ba ne. Idan ta fi ƙarfin gidan, cikin 'yan mintoci za ta dafa ruwan ta mutu, can kuma ta sake tashi, haka za ta wuni tana shan mai tana cinye kanta. Gyaran shi ne ka sa ma'aikaci ya auna zafin da gidan ke zubarwa, ɗaki bayan ɗaki, ya duba bango da tagogi da rufi, sannan a zaɓi wadda ta dace. Wanda ya leƙa lambar tsohuwar kawai ya ce a sayo irinta, ka sallame shi da ladabi.

Amma inda aka fi yin kuka shi ne tankin mai, kuma shi ne abin da ba a taɓa tambayata a kansa. Wani ɗan ƙanena ya gama biyan kuɗin boila tsaf kafin a gaya masa cewa tankinsa ya manne da katangar katako, dole a matsar. A ƙa'idar Birtaniya, tanki zai yi nisan mita 1.8 da taga ko ƙofa ko ginin da ba ya jure wuta, da milimita 760 daga shingen da zai iya ci. Zai zauna a kan dandamalin kankare ko falalen dutse da ya zarce shi da milimita 300 ta kowane gefe. In kuwa akwai rafi cikin mita 10, ko rijiya cikin mita 50, sai tanki mai riga biyu, wanda ta wajen za ta iya riƙe kashi 110 cikin ɗari na abin da ke ciki. Ni dai ko babu rafi, mai riga biyun nake cewa a saya, domin man da ya tsiyaye cikin ƙasa mai gida ne zai biya kuɗin kwashe shi, kuma kuɗin na iya ninka na boilar sau da yawa. Na Amurka kuma, kafin ka sa hannu a takardar gida, ka tambaya ko akwai tsohon tanki binne a tsakar gida. Ka kuma duba ko tiyon motar mai zai kai wurin.

Sai zancen wanda zai yi aikin. Na san halinmu, akwai wani ɗan Aboabo da ya ƙware a Magazin na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, hannunsa na da kyau, kuma zai yi rangwame. Ka gayyace shi cin waakye, amma aikin ka bai wa mai rajista da OFTEC, ƙungiyar da ke tantance masu aikin boilar mai, in kana Birtaniya ko Ayalan, ko mai lasisi in kana Amurka. Takardar da zai ba ka ita kamfanin inshora zai nema ranar da abu ya faru, ita kuma mai sayen gidan zai tambaya.

Hayaƙi ba abin wasa ba ne. Sabuwar boila hayaƙinta ya fi na tsohuwa sanyi, in aka cusa shi cikin tsohon bututun hayaƙi na bulo ba tare da an zura masa wani bututu a ciki ba, sai ya zama ruwa ya riƙa cin ginin. Kada kuma sanyi ya sa ka toshe kafar iskar ɗakin boila da tsumma, wutar na buƙatar numfashi. Iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, don haka na'urar ƙararrawarta tilas ce. Ƙaramin bututun da ke zubar da ruwan boilar waje ma a naɗe shi, in ya daskare komai ya tsaya.

Na ƙarshe dabi'a ce da muka tafi da ita daga gida, wato sai mai ya ƙare ƙaf a nemo galan. Tanki in ya bushe, iska na shiga bututu, dattin ƙasan tankin ya toshe matatar mai. Daga nan sai mutum ya hau danna jan maɓallin sake tayar da boilar kamar yana tayar da okada. Sau ɗaya ake dannawa. Duk dannawar da ba ta kama ba, mai ne ke taruwa a murhun, ranar da ya kama kuwa maƙwabta za su ji. Ka yi odar mai tun yana rubu'in tanki, ka cika da rani lokacin da farashi ya fi sauƙi, a kuma zo a duba boilar sau ɗaya a shekara a canza matatar mai da bakin feshin mai.