Yadda ake gyaran fentin kwale-kwale da ya ɓamɓare kafin a shafa sabo

A bakin ruwan Yawuri na sha ganin matashi ya jawo jirginsa da safe, kafin la'asar ya shafe shi tas da sabon fenti. Wata guda bai cika ba fentin ya kumbura kamar ƙunar wuta, farce ma ɓare shi yake. Ni ma na taɓa tafka wannan asarar, galan guda cur, na yi ta zagin fentin alhali katakon ne bai bushe ba.

Ka fito da jirgin ka kife shi a kan gungume ko tsofaffin tayoyi, kada ya taɓa ƙasa. Wanke gansakuka da laka tun suna jiƙe. Sannan ka sa makankari ka bi duk inda fenti ya ɗaga. Wanda ya ƙi fita ka ƙyale shi, ya kama ke nan. Inda ka tarar da katako ya yi baƙi, soka masa tsinin wuƙa: in ta shige ba wahala, ruɓa ce, aikin kafinta ne, fenti ba ya maganinta.

Sai shanya, inda kowa ke gaggawa. Mako guda ne mafi ƙaranci a wurina, kuma a inuwa mai iska. Rana tsaka takan sa katako ya tsuke, haɗin ya buɗe, ka koma neman kwalta da tsumman toshewa. Kada ka yarda da tafin hannunka, don sama kan bushe ciki na jiƙe. Yanki farar leda, ka manna ta da salatif a inda ka kankare, ta kwana. Da safe in ka ga raɓa a ƙarƙashinta, ƙara kwana uku. Na san kwanakin nan ba kamun kifi ba kuɗin fito, amma gara su da yin aikin sau biyu. Hunturu ya fi saurin busarwa, sai dai ƙura.

Da ya bushe, ɗauki samfefa mai lamba 80 ka goge bakin tsohon fentin har ya kwanta, yatsa ya wuce bai ji tudu ba. Ta wannan tudun ne ruwa ke komawa ƙarƙashin fenti. Kan ƙusa mai tsatsa ka goge shi, ka ɗiga masa jan fentin ƙarfe. Ƙananan ramuka kuma gam mai haɗi biyu, irin su Araldite, da garin katako. Yana da tsada, amma farin gam na kujeru narkewa yake a ruwa.

Bi da samfefa mai lamba 120, share ƙura da tsumma mai ɗan tina, wato ruwan tsinka fenti. Shafin farko a wuraren da ka kankare kaɗai, ka tsinka fentin kaɗan da tina don katako ya sha. Ni ba na sa kananzir, ko da ya fi araha. Washegari ka bi jirgin duka, siriri sau biyu, kwana ɗaya a tsakani. Ka ba shi kwana uku kafin ya koma ruwa.