Yadda zaka fitar da kaza mai shuɗin ƙwai ba tare da ka yi asarar shekara ba

Ƙwai 12 na fara saya, shuɗi tas kamar an tsoma su a ruwan bula, mai sayarwa har da rantsuwa wai Araucana ce, irin kazar da ke saka shuɗin ƙwai, zalla ba gauraye. Na saka wa wata kazar Hausa da ke kwanci, tara suka ƙyanƙyashe, biyar mata. Wata shida ina zuba abinci ina leƙa akurki, da suka fara saka ƙwai sai ga uku suna yin kore, biyu kuma ruwan ƙasa irin na kiret ɗin mai shayi, shuɗi ko na magani babu. Ƙwan da ya ban shuɗi ne da gaske, abin da ban tambaya ba shine wane zakara ne ke bin kajin nasa.

Toh abu na farko da zaka riƙe kenan. Launin ɓawon ƙwai na uwar da ta saka shi ne, zakaran da ya taka ta baya canza shi ko kaɗan, amma tsakon da ke ciki rabi na uwa ne rabi na uba. Zakara baya ƙwai amma yana ɗauke da gadon launin ƙwai yana ba 'ya'yansa mata, shi yasa in zaka sayi ƙwai kace a nuna maka zakaran kuma a faɗa maka daga wane irin ƙwai ya fito.

Asalin Araucana daga Chile take a Kudancin Amurka, wajen mutanen Mapuche, daga baya aka kaita Amurka da Ingila kowa ya gyara ta yadda yake so. Ta Amurka ba ta da jela kuma tana da wani tuntun gashi a gefen kunne, ta Ingila akwai mai jela da tukku, sannan akwai 'yar uwarta Ameraucana mai gemu da jela. A 2013 masu bincike suka gano cewa wata tsohuwar ƙwayar bairos ce ta shige cikin ƙwayoyin halittar kazar ta zauna, ita ke sa launin da ke cikin ruwan maɗaciya ya shiga ɓawon tun ana gina shi. Ba cuta bace, ƙwai ne kamar kowane, ɗanɗano ɗaya, kar wani ya ce maka magani ne ya ninka maka kuɗi.

Ka fasa shuɗin ƙwai ka ɓare wannan 'yar fatar ta ciki zaka ga ɓawon shuɗi ne ciki da waje. Ka fasa ruwan ƙasa kuma zaka ga cikinsa fari fat, don shi ruwan ƙasa fenti ne kawai da ake shafa wa ƙwai a kai dab da zai fito. Idan aka shafa fentin nan akan shuɗi shine yake bada kore, abin da ya faru da kajina kenan, uban jinin masu ruwan ƙasa ne. In kore mai duhu kake so kamar zaitun da gangan ake yinsa, a haɗa mai shuɗi da Marans ta Faransa mai ƙwai kalar cakulan. Amma in shuɗi tsantsa kake nema ka nisanta duk wani jini mai ruwan ƙasa, Noiler ne ko Brahma, don shuɗi ƙwayar gado ɗaya ce tak mai rinjaye, shi kuwa ruwan ƙasa ƙwayoyi ne da yawa, in ya shiga sai ka yi zuriya bayan zuriya kana tacewa bai gama fita ba.

Yanzu gwajin zakara, nan ne mutane ke gajiya. Kowace kaza tana da gado biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ko shuɗi ɗaya ta samu zata yi shuɗin ƙwai, kaga da ido bazaka gane mai biyu da mai ɗaya ba. Ka samo kaza mai farin ƙwai tas irin Leghorn ka haɗa su, ka raini 'ya'yan mata kamar takwas zuwa goma har su fara ƙwai. Duk suka yi shuɗi, zakaranka mai biyu ne, riƙe shi da kyau kar a yanka maka shi da sallah. Aka samu masu fari a ciki, mai ɗaya ne. Mata biyu ko uku basa isa hukunci, sa'a kawai tana iya basu shuɗi duka. Kafin ka fara ka ware kazar daga kowane zakara sati uku zuwa huɗu, don tana ajiye maniyyin zakaran baya a jikinta fiye da sati biyu, in ka yi gaggawa ɗan wani zaka ƙyanƙyashe kana ta lissafi a kansa. Zanko ma yana ɗan taimakawa, a jinin Araucana ɗan guntun zankon nan mai layi uku yawanci tare yake tafiya da shuɗin ƙwai, amma alama ce kawai, wata kazar Ingila mai suna Cream Legbar zankonta miƙaƙƙe ne kuma shuɗi take yi.

Launin gashin kaza kuma hanyarsa daban, babu ruwansa da ƙwai, baƙar kaza tana shuɗin ƙwai fara ma tana yi. Wanda ya fi ruɗa mutane shine ruwan tokan nan da masu kiwo ke kira bulu. Ka haɗa bulu da bulu kana murna, sai a tsaki 20 ka samu kamar 10 bulu, 5 baƙaƙe, 5 farare masu ɗigo-ɗigon toka kamar an watsa musu tawada. Ba algus aka maka ba, haka gadon yake, tun farkon shekarun 1900 masana kimiyya Bateson da Punnett suka yi lissafinsa a Kambirij ta Ingila da kajin Andalus. Bulu gado ɗaya ne da ke sirka baƙi, biyu suka haɗu sai sirkin ya yi yawa ya koma fari mai ɗigo. Dabarar ita ce ka haɗa baƙi da mai ɗigon, duk 'ya'yan bulu zasu fito, don haka masu ɗigon nan da ake rainawa kar ka kai su kasuwa. Bulu da baƙi kuma rabi da rabi ne. Akwai wani ruwan toka mai haske da ake ce wa labanda, shi ɓoyayye ne sai uwa da uba duk sun bada yake fitowa, amma in ya fito ka haɗa biyu baya canzawa.

Tuntun kunnen nan mai kyau a hoto yana da mugun hali, tsakon da ya gaje shi ta uwa da uba mutuwa yake a cikin ƙwai a kwanakin ƙarshe, ka haɗa masu tuntu biyu kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun tafi kenan kana zargin injin ƙyanƙyasa ko wuta. Ka haɗa mai tuntu da marar tuntu. Marasa jela kuma ƙwansu yakan ƙi ɗauka, sai ka sa almakashi ka rage gashin da ke kewaye da duburar kaza da zakaran.

Ƙwan da zaka saka kar ya wuce kwana 7, a zafin Afrilu ma ni bana bari ya kai haka, a inuwa kusa da randa nake ajewa tsinin yana kallon ƙasa. Zafin inji digiri 37.5, kwana 21, ka haska da tocila wajen kwana na 10 ka cire wanda ba komai, shuɗi da kore suna da wuyar gani sai ɗaki ya yi duhu sosai. Ka rubuta lambar uwa da fensir akan kowane ƙwai, a kwana na 18 ka raba su a 'yan ragar albasa kowace uwa da nata, suna fitowa ka ɗaura musu zare mai launi a ƙafa, kana sassauta shi duk sati don ƙafar tsako saurin kauri take.