Rana da igiyoyin iskar can sama: kurakuran da na gaji da gyarawa

Duk shekara sai na ja layi da jan biro a wurare iri ɗaya cikin aikin ɗaliban kimiyyar sararin sama a nan Sakkwato. Gara in rubuta su sau ɗaya in huta.

Na farko, a daina haɗa igiyoyinmu na iskar can sama da waɗanda Einstein ya yi hasashe, cibiyar bincike ta LIGO ta gano a 2015. Sunan ne kawai ya yi kama a Turanci: namu "gravity waves", nasa "gravitational waves". Namu iska ce da wani abu ya tura sama, nauyi ya dawo da ita, ta riƙa lilo kamar ruwan gulbin Rima idan an jefa dutse. Colin Hines ne ya nuna a 1960 cewa su ke kaɗa ayonosfiya, wato sashen iskar can sama mai ɗauke da cajin lantarki.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ɗora wa rana duk wani canji da aka gani a igiyoyin nan. Ni ma ya taɓa kayar da ni. Na ɗauki bayanan GPS, wanda siginarsa ke ratsa ayonosfiya, na watan Agusta a shekarar da rana ta yi zafin aiki, na gwada da na Janairu a shekarar da ta lafa. Na ga bambanci ƙato, har na fara yi wa abokai alfahari. Malamina ya duba, ya ce, "Ina ka bar damina?" Wata shida na aiki ya bi ruwa. Hadarin damina, irin mai tasowa daga gabas da ƙura da tsawa, shi kansa yana harba igiyoyi sama, kuma suna ƙara girma yayin da suke hawa, don kaurin iska na raguwa a can sama. A hunturu babu wannan. Ashe damina da rani na auna, ba rana ba! Tun daga nan Agusta da Agusta nake gwadawa, kuma kowace kwana sai na rubuta ma'aunin F10.7, mai nuna ƙarfin aikin rana, a gefenta. Ɗalibin da ya kawo mini tebur babu shi, ko karantawa ba na yi.

Kuma ku fahimci abin da rana take yi. A zagayenta na kimanin shekara 11, idan ta kai ƙololuwa takan dumama tamosfiya, sashen iska mai zafi na can ƙololuwar sama, ta kumbura, sai igiyoyin da suka taso daga ƙasa su ƙara nisa sama kafin su mutu. Hanya ta gyara musu, ba ita ta haife su ba. Guguwar maganaɗisu kuwa, wato hargitsin da abin da rana ta feso kan jawo wa maganaɗisun duniya, irin ta 10 ga Mayu 2024, daban take: tana zuba zafi kusa da dorayen duniya na arewa da kudu, manyan igiyoyi su gangaro wajenmu da gudun ɗaruruwan mita a daƙiƙa. Ni dai duk ranar da Kp, ma'aunin wannan hargitsi, ya wuce 4, fayil daban nake ajiye ta.

Sauran ƙanana ne. Hargitsin siginar GPS bayan magariba sau da yawa ba igiyoyi ba ne, kumfar ayonosfiya ce, wato wuraren da cajin lantarki ya yi ƙaranci, don muna kusa da ikwaitar maganaɗisu. Agogon bayanai na Girinic ne, a ƙara awa ɗaya a samu lokacinmu. Zagayen rana na 25 kuma ya fara ne a Disamba 2019, ba 2020 ba kamar yadda kuke kwafar wa juna.