Kana son yin digiri a tauhidin Kirista? Karanta wannan kafin ka sayi fom

Ranar Lahadi bayan an tashi sujada wani ƙanena ya tare ni a bakin coci, ya ce Yaya ina jin kira a zuciyata, tauhidi nake so in karanta, ta ina zan fara? Na ce masa ya same ni a gida da yamma, kuma tunda ba shi kaɗai ke min wannan tambayar ba bari in rubuta amsar kowa ya gani.

Abu na farko, ka zauna ka tambayi kanka me kake so da karatun nan, bagade kake so ka hau ko aji kake so ka shiga ka koyar, ko kuwa ilimin ne kawai ke jan ka. Dan hanyoyin biyu ne. Akwai jami'a, kaman nan ABU a Samaru inda ake yin CRS, wato karatun addinin Kirista, a tsangayar ilimi, shekara 4, ka fito malamin makaranta da digirinka a hannu, amma ba wanda zai naɗa ka fasto saboda shi. Sai kuma seminari, wato makarantar da ɗariƙa ta kafa dan horar da masu hidima. Mu nan Zariya ba sai mun yi nisa ba, ga St Francis of Assisi a Wusasa ta Angilikan, a Kaduna akwai ta Baptis, ECWA na da tasu a Kagoro da JETS a Jos, ga kuma TCNN a Bukuru da ta fara ɗaukan ɗalibai tun 1959. Katolika nasu tsarin daban ne, ta dayosis ake bi, kuma sai ka yi falsafa tukuna kafin tauhidi, tafiya ce mai tsawo.

Takardu dai kun san su, kiredit 5 a WAEC ko NECO har da Turanci, kuma ka yi ƙoƙari lissafi da CRS su shiga ciki. A JAMB ka cike Turanci, CRS da darussa biyu na ɓangaren art. Mai NCE ko difloma zai iya neman shiga kai tsaye aji biyu, ya rage shekara ɗaya. In seminari ne kuma za su nemi wasiƙa daga fastonka ko bishop, wasu har da shaidar baftisma, sannan intabiyu inda dattawa za su zauna su ce ka ba su labarin kiranka, kar ka je musu da haddar da wani ya rubuta maka, suna ganewa.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Kafin ka biya ko sisi, ka tambaya a ofis, wannan digirin da wace jami'a aka haɗa shi, kuma ta JAMB ake shiga ko kuwa na cikin gida ne? Ka ce a nuna maka a rubuce. Ni na yi wannan sakacin, na shekara biyu a wata makaranta da ba zan kira sunanta ba, kullum ana ce mana ai maganar na kan hanya, ashe hanyar ba ta da ƙarshe, sai da na ga waɗanda suka gama gabanmu suna yawo da satifiket ba bautar ƙasa ba aikin gwamnati sannan na tattara na koma wani wuri na faro daga farko. Satifiket na cikin gida ba laifi ba ne in dai hidimar ikilisiya kawai ka sa gaba, amma in kana tunanin NYSC ko mastas ko koyarwa a sakandaren gwamnati, toh ka bincika tun da wuri.

Karatun kansa ba wa'azi ba ne daga safe zuwa dare yanda mutane ke zato. Za ka yi Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, tarihin ikilisiya, koyarwar bangaskiya, dabarun wa'azi da kiwon jama'a, za ka kuma karanta Musulunci da addinin gargajiya, wanda ga ɗan Zariya da maƙwabcinsa liman ne ba ƙaramin amfani gare shi ba. A tarihi ne na fara jin labarin manyan malaman ikilisiya na da, cewa Agustin mutumin Hippo ne a Aljeriya ta yau, Atanasiyus kuma na Iskandariya a Masar, da yanda aka yi ta ja-in-ja a taron Nikiya a 325 kan allahntakar Almasihu. Kuma ka shirya, akwai ranar da lakcara zai yi tambaya kan ayar da ka haddace tun Sande Sukul, wa ya rubuta ta, yaushe, wa ake wa magana, ka koma hostal kanka na juyawa. Kar ka ɗauka ya rasa bangaskiya ne, ka je ka same shi bayan aji.

Helenanci da Ibrananci, harsunan da aka fara rubuta Littafi Mai Tsarki da su, su ne ke kayar da mutane. Helenanci harufa 24, Ibrananci 22 kuma daga dama ake rubuta shi kaman ajami. Ka haddace harufan tun kana gida kafin a buɗe makaranta. Ni kwalin sabulu na dinga yankawa ƙanana, gaba kalmar baya ma'anarta, ina cikin bas daga Samaru zuwa Sabon Gari ina jujjuya su, kwandasta har ya taɓa tambayata ko caca nake koya. Minti ashirin kullum ya fi kwana zaune daren jarabawa. Wani daɗi ga mai jin Hausa, Ibrananci ɗan'uwan Larabci ne, sai ka ji ruwak ka tuna ruhu, tsedaka ka tuna sadaka, shalom ka tuna salama, lokacin 'yan ajinmu na kudu suna ta fama mu kuwa kaman an ba mu satar amsa.

Kuma dan Allah kar Turanci ya sa ka ajiye Littafi Mai Tsarki na Hausa. Na ga wanda ya fito da sakamako mai kyau aka tura shi ƙauye wajen Giwa, ya hau bagade ya kasa bayyana barata ta wurin bangaskiya da Hausar da tsofaffi za su gane. Duk abin da aka koya maka a aji, da dare ka gwada faɗa wa mamanka shi da Hausa, in ta ce me kake nufi, ba ka gane shi ba tukuna.

Kuɗi kuma ka yi magana da dattawan ikilisiya tun farko ko za su ɗauki wani ɓangare, zumuntar mata ma sukan taimaka da hatsi, amma ka riƙe wata sana'a a gefe.

Furojet na shekarar ƙarshe kar ka tafi neman batu a Jamus alhali ga shi a ƙofar gida. Dakta Walter Miller, Bature ɗan mishan, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, mishan ta koma Wusasa wajen 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, kuma har yanzu akwai tsofaffi a Wusasa da iyayensu suka ga wannan zamanin da idonsu. Ka sayi goro ko lemo, ka caja wayarka, ka nemi izini kafin ka fara ɗaukan murya.