Darasi na 6: Ƙwayoyin cutar baki da sankarar baki

To jama'a, yau bakinmu za mu leƙa. Masana sun gano nau'in bakteriya sama da 700 da ke iya zama a bakin ɗan Adam, a harshe, a dasashi, a tsakanin haƙora. Kar hankalinku ya tashi, yawancinsu zaman lafiya muke da su, wasu ma suna hana mugaye samun wurin zama.

Matsala tana farawa ne in datti ya daɗe manne a gindin haƙori, dasashi ya kumbura, kana goge baki kana tofar da jini, wata da watanni kana cewa ai ba komai. A irin wannan bakin ne wasu biyu suke yin ƙarfi, Porphyromonas gingivalis da Fusobacterium nucleatum (sunayen da nauyi, kar ku damu da haddace su). Ita ta farkon tana shiga cikin ƙwayar halittar fatar baki ta hana ta mutuwa, alhali ƙa'idar jiki ita ce ƙwayar da ta lalace ta mutu a maye gurbinta, to in ta ƙi mutuwa tana ta hayayyafa ai hanyar sankara kenan. Ta biyun kuma an same ta zaune a cikin ƙwayoyin sankara kansu, kuma tana da dabarar kashe wa sojojin garkuwar jiki gwiwa. Sai maganar giya. Wasu bakteriyar baki suna juya ta ta koma sinadarin asitaldihaid, wanda ke ɓata ƙwayoyin gado.

Amma fa a fahimta, masana ba su ce bakteriya kaɗai ke kawo sankarar baki ba. Manyan masu laifi taba ce, ta sha da ta taunawa, sai giya. Bakteriya 'yan rakiya ne, suna ƙara wa wuta mai.

Aikin gida: ka wanke hannu, ka tsaya gaban madubi inda akwai haske. Ɗaga harshe ka duba ƙasansa da gefensa, ja leɓe, taɓa cikin kumatu da yatsa. Ka ga farin tabo ko ja wanda ba ya gogewa? Ƙullutu? Gyambon da ya wuce sati 2 bai warke ba, ko da ba ya zafi? Ka je wurin likitan haƙori a duba, kar ka tsaya jiran sai ya fara ciwo.